Kuɗin ƙaura daga Ohio

Aikin gadi ne ya taso ni daga Ohio, a wani gidan ajiye kaya a Bronx. Na yi hayar mota, na loda katifa da tukwane, na tuƙo da kaina. A unguwar Highbridge na sauka, ɗaki ɗaya mu uku. Mai aikin rana ya tashi, mai aikin dare ya kwanta a gurbinsa, gadon ko hucewa ba ya yi.

Akwai wani mutumin Nijar a Harlem da ke cika wa mutane takardun haraji. Shi ya gaya mini gwamnati na rage wa mutum haraji in aiki ne ya sa shi ƙaura. Ya ce in adana rasit na abin da na kashe wajen ƙaura, in kuma yi cikakken aiki kamar wata tara a shekarar farko. Na ga in aka mayar mini da wannan kuɗin, na haɗa da ɗan abin da na tara, zan kama ɗaki nawa ni kaɗai. Har wata hajiya a Soundview ta ce za ta riƙe mini ɗaya. Ga furfura a gemu, amma ban taɓa rufe ƙofa da makullina ba a ƙasar nan.

Sai tsohuwata ta rasu can gida Kumasi, ni ne kuma babba. Manaja ya ba ni sati biyu. Na ce masa a wurinmu babban ɗa ba ya juyowa kafin sadakar arba'in. Ya ce in na wuce zai kore ni. Ni kuwa ba zan yarda a ji a zango, unguwarmu a Kumasi, cewa korata aka yi ba, sai na ajiye aikin da kaina, har da sa hannu.

Da na dawo sai buga-buga, yau wankin mota, gobe dako. Lokacin haraji na kai wa mutumin rasit ɗina cikin leda, ko ɗaya bai ɓace ba. Ya duba watannin aiki, ba su kai ba.

"Babban yaya, da ka bari sun kore ka, da wataƙila akwai hanya. Wa ya ce ka ajiye?"

"To, mutuncina fa?"

Ya ce shi dai bai ga inda ake rubuta wannan ba. Na tambaye shi ko baɗi, ya ce an wuce wurin, ya kira na bayana.

A bakin tashar jirgin ƙasa na buga wa Hajiya waya, na ce ta ba wani ɗakin. Ba ta ma tambayi dalili ba.