Motar da Inna Ke Ganewa da Rurinta

Edita, a shekarun da abin nan ya faru ni direban haya ne a tashar Gummi, ina jan wata tsohuwar Golf mai kafireta, wato na'urar da ke haɗa wa inji fetur da iska. Matata ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta, na tattara na kama ɗaki ɗaya a bayan tasha. Mutum ne ni mai saurin hasala, ba na ɗaukar wasa, shi ya sa ko cikin direbobi ba ni da abokin zama. In na tashi aiki sai in shiga ɗaki in turo ƙofa, ba mai ce mini sannu da dawowa. Mutum ɗaya ya rage mini a duniya, Innata, tana can ƙauyenmu a bayan Zugu, ƙasar Bukkuyum. Idonta ya yi rauni ƙwarai. Na yi na yi da ita ta dawo Gummi, ta ce ba ta barin ɗakin da mahaifina ya gina mata. Don haka duk Laraba da hantsi nakan ɗebi fasinjan wannan hanya, in kai mata goro da manja, mu yi hira har azahar.

Motar nan ciwonta guda ne, silo ɗinta ya yi sama. Silo shi ne tafiyar inji lokacin da mota ke tsaye ba a taka totur ba. Tawa kuwa da na tsaya sai ta hau ruri kamar injin niƙa, har sitiyari na rawa a hannuna. Ga shan mai, ga giya ba ta shiga sai da ƙara. 'Yan tasha suka samu abin yi, wannan ya ce in biyo ta gidansu akwai dawar da za a niƙa, wancan ya toshe kunne in na shigo layi. Wallahi abin yana ci mini rai. Na murɗa sukurun silo da kaina har ya ƙure, ko gezau. Wani bakanike a Anka ya ce wayar totur ce ke riƙewa, aka canza, aka wanke kafireta, kafin in fita gari ta koma rurinta.

Lokacin ne ɓarayin daji suka matsa wa yankinmu. Mutanen ƙauye suka koma rayuwa da kunne. Sun san ƙarar babur ɗin kowa, in suka ji wadda ba su sani ba, ba mai tsayawa tambaya, sai gonakin dawa. Kafin ka shiga garinmu akwai rafi mai yashi, dole in tsaya fasinja su sauka su haye da ƙafa, in ba haka ba mota ta kafe. A nan motar take yin rurinta mai tsawo, ana ji har tsakiyar gari, kowa ya san ni ne, ya ci gaba da sha'aninsa. Inna ta sha gaya mini cewa da ta ji shi take lalubo tabarma ta shimfiɗa a ƙofar ɗaki. Ni kuwa na ɗauke shi hirar tsofaffi.

Wata Talata ina lodi, wata mata ta fito daga motar da kayanta, ta ce ita ba ta shiga abin da zai kama da wuta. Tasha ta ɗauki dariya. Haba, raina ya ɓaci, na sauke sauran fasinjan na wuce garejin wani bakanike da ban taɓa zuwa ba. Bai kwance komai ba. Ya ɗaga bonet ya bar ta tana ruri, ya ɗauko fetur a gora yana ɗiga shi kaɗan kaɗan a kan tiyoyin da suka kewaye kafireta. Da ya zo kan wani siriri a baya, sai muryar injin ta canza nan take. Ya juyo shi ya nuna mini, ashe ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ya ce ta nan inji ke zuƙar iskar da ba a auna masa ba, ko shekara zan yi ina murɗa sukuru silo ba zai sauka ba. Ya yanko sabon tiyo ya sa, ya saita silo. Motar ta yi luf, sai ka kasa kunne za ka san tana kunne. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba, na zagaya tasha da gangan don a gani. A ranar akwai 'yan garinmu da suka zo cin kasuwa suka koma da yamma, amma ko a raina ban kawo in aika a gaya wa kowa ba.

Washegari na kama hanya. A bakin rafi masu babur biyu, baƙi masu sayen hatsi, suka tarar da ni, suka ce za su bi bayana don hanya ba ta tafiyar mutum ɗaya ba ce. Fasinja suka haye, motar tana tsaye shiru, sannan muka hau tudu gaba ɗaya da ƙarar babura. Muka shiga gari. Ba kowa. Tukwane a kan wuta, taɓarya a yashe kusa da turmi, takalman yara a warwatse. Na fito ina kiran sunayen mutane da ƙarfi har suka fara ɓullowa daga cikin dawa, wasu da ƙaya a ƙafa. Na ruga gida, ɗakin Inna a buɗe, ba ta ciki. Muka bi gonakin da kowa ya gudu, babu ita. Can wata maƙwabciyarta ta ƙwala ihu daga ɗaya gefen. A cikin kwazazzabo muka same ta, kusa da 'yar hanyar ƙafa mai gangarawa rafi, ƙashin ƙugunta ya karye. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ɗauko ta zuwa Gummi. Aka yi na asibiti, aka yi na mai ɗori, ba ta sake tsayuwa da ƙafarta ba. A ɗakina ta kwanta, ni ke juya ta, ni ke ba ta fura a baki. Wata rana gajiya da baƙin ciki suka taru mini, halina ya motsa, na ɗaga mata murya. Na ce kowa ya yi cikin gona, ita da ba ta gani me ya kai ta hanyar da ƙarar ke fitowa. Ta ce ai ranar zuwana ce, lokacina ne, ba ta ji motata ba sai babura daga bakin rafi. Ta ce ta ɗauka can ɓarayin suka tare ni, shi ne ta tafi ta roƙe su su bar mata ɗanta. Na fita waje na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Kafin damina ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa.

Ba wanda ya zarge ni a garinmu, kowa ya ce ƙaddara ce, na kuma yarda. Ban ce a bar mota da lalura ba, gyaran da aka yi mini daidai ne. Abin da na koya shi ne, na kasa kunne ga masu yi mini dariya, na manta da masu saurarena don su san ko za su kwana lafiya. Direbobi da masu babur da ke shiga ƙauyukanmu, don Allah in kun gyara inji, ko kun canza bututun salansa, ko kun ari motar wani, ku aika gida a sani kafin ku taso. Saƙon baki ɗaya ya isa. Ni ban aika ba, tsohuwar da ba ta gani ta fito nemana.