Baba Issifou da Takardar da Aka Ɗinke Cikin Fata

Da an sallame asuba a Zangon Sokode, Baba Issifou yakan girke bencinsa a gindin mangwaron da ke kallon tasha, ya wanke hannu da sabulu ko da bai taɓa komai ba, sannan ya buɗe baƙar jakarsa. Shekara talatin da huɗu yana haka. Ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ba shi da ofis. In za ka ƙasar waje, karatu ko aure ko neman abinci, aka ce sai ka kawo shaidar cewa takardunka na gaskiya ne, shi ke kai su Lome, babban birnin ƙasa, ya dawo maka da su da hatimi. Hatimin uku ne, in ji shi, kamar duwatsun murhu: na meri, ofishin garin da aka rubuta takardar, da na ma'aikatar harkokin waje, sai na ambasad, ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Ɗaya ya goce, tukunya ta kife.

A watan nan ya rataye jakar, don ido ya ƙi. Ba walima, ba jawabi. To wa zai shirya? Duk wanda ya amfana da shi ya tafi. Ɗansa Nourou da 'yarsa Farida ma shi ya samo musu hatimi da kansa, ya raka su tasha. Matarsa Adiza ta rasu da daɗewa. Mutumin da ya fitar da rabin Zango waje, shi ko fasfo bai taɓa yi ba. Wallahi abin yana ci mana rai.

Tsofaffin unguwa ba su manta da shekarar dogon yajin aiki ba, lokacin rikicin dimokuraɗiyya, sa'ad da ofisoshi suka yi wata da watanni a kulle. A lokacin ne wasiƙa ta zo daga Gabon cewa Jibril mahauci yana kwance a asibiti, jiki ya yi tsanani, ba abin da yake kira sai sunan matarsa Barakatu. Ita kuwa ba ta samun biza sai da takardar aure mai hatimi uku.

Surukarta, Inna Hawa, ta zo gindin mangwaro tana riƙe da hannun Barakatu, ta ciro wani abu daga wuya ta miƙa da alfahari.

"Malam Issifou, ga ta nan. Ko ruwa bai taɓa ta ba."

"Inna, wannan ai laya ce."

"Wace laya? Takardar auren ce! Da na ji ana ƙone gidaje, sai na kai wa baduku ya ɗinke mini ita."

Baduku kuwa ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya ninke ta ƙanana-ƙanana, ya shafa danƙo, basilla ta bi ta tsakiyar sa hannun meri. Da Baba Issifou ya farke fatar da reza, takardar ta rabu gida-gida, hatimin ya manne a jikin fata. Masu shan shayi a gefe suka tuntsire da dariya. Shi bai yi ba.

"Inna, kin tsare ta daga wuta, Allah ya saka miki. Abin da ya rage nawa ne."

Barakatu ta ce, "Baba, zan same shi da rai?"

"Wannan ba ya cikin jakata, 'yata. Takarda dai zan kawo miki, in Allah ya yarda."

A Dapaong aka rubuta auren, can arewa, don haka sai da ya fara juya wa Lome baya. Ya tarar da ƙofar meri da kwaɗo. Aka ce Salifou, magatakardan da ke riƙe da rajista kuma yake sa hannu, ya koma gonarsa a Nano da makulli a aljihu. Ya bi shi har masussuka.

"Kai Issifou, ƙasa na ci da wuta, kai kana bin takardar aure?"

"Ƙasa za ta jira mu, Salifou. Mai ciwo ba ya jira."

Kwana biyu yana taya shi sussukar gero, bai sake tayar da maganar ba. Rana ta uku kunya ta kama Salifou, ya ɗauko makulli, suka je ya rubuta sabuwar takarda, ya buga hatimin farko.

Daga nan sai kudu. A Langabu direba ya ji labarin harbe-harbe a Lome, ya ce ko da kuɗi ba ya ƙara gaba. Baba Issifou ya hau bayan motar doya. Wani ɗan kamasho da ya gan shi ran da ya isa Lome ya ce kowa na fita daga birnin da katifa a ka, ana gudu Gana, shi kaɗai ne ke shiga, jaka a ƙarƙashin riga. Kwana huɗu ya yi a bakin ƙofar baya ta ma'aikata, ba mai ce masa sannu, har wani jami'i ya leƙo ɗaukar kayansa, Baba ya tare shi da takarda da alƙalami, ya samu hatimi na biyu. A ambasad aka buɗe littafi aka gwada sa hannun, aka ga ya yi daidai, hatimi na uku ya sauka. Ya dawo Sokode a rana ta goma sha tara, ya rame, takardar kuwa ko lanƙwasa babu.

Kai ne, Baba, wanda ka shiga inda ake gudu saboda matar da ba 'yarka ba. Kai ne ba ka yi wa tsohuwa dariya ba ran da kowa ya yi. Ka sani sarai duk hatimin da ka kawo mutum ɗaya zai rage a bencinka, amma ba ka taɓa jinkirta takardar kowa ba, har ta 'ya'yanka. Na gindin mangwaro, mai rakiya ba ya tafiya.

Barakatu ba ta dawo ba, can ta zauna bayan takaba. Amma ta aiko da wasiƙa, kuma ran da aka rataye jakar ita kaɗai ce a ciki. Layi uku ce: "Baba, na same shi. Ya gane ni. Kwana tara muka yi, ni na laƙƙana masa kalmar shahada."

Mun gode, Baba Issifou. Allah ya ba ka ladan kwana taran nan, ya haskaka maka ido da makwanci.

Ku kuma masu riƙe da takardun mutane, ku koyi wanke hannu kafin ku taɓa su, ku tuna akwai mai jira a bayan kowace ɗaya. Sauranmu kuwa, har gobe yana fito da bencin da asuba, rabinsa ba kowa. Ku je ku zauna, ba da takarda a hannu ba. In ya ciro wasiƙar nan ya miƙo, ku karanta masa, don shi yanzu ba ya ganin rubutun.