Malam Dogara da Uwar Kwamfutoci

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Jatau ya san Malam Dogara, mai keken nan da ba ya wuce mutum bai tsaya gaisuwa ba. Gyaran tafireta ya gada, shi yake yi a wata ma'aikata, har aka kawo kwamfutoci bayan shekarar casa'in. Wasu suka ce tasa ta ƙare. Ina! Ya naɗe hannun riga ya koya, har aka damƙa masa babbar da sauran ke haɗe da ita, wadda yake kira uwa.

Mutumin nan fa yana son a neme shi, ba ya ma ɓoyewa. Duk sanda za a ɗora wa kwamfuta sabuwar manhaja daga uwar, sai ta jero tambayoyi da Turanci: ina za a ajiye, wace irin takarda, wace firinta. Shi kaɗai ya haddace amsoshin. Da an ƙwala masa kira zai taho yana mita, bakinsa kuwa har kunne.

Rannan ya tafi sunan jikansa a Ƙofar Kibo. Sailuba mai buga takardu ta amsa tambayoyin da kanta, ta zaɓi takardar da ba irin tasu ba, aikin yini guda ya fito a guntule. Shugabanta ya wanke ta tas a gaban jama'a. Washegari Malam Dogara ya tarar da idonta a kumbure, abin ya tsaya masa a rai.

"Rashin tarbiyya ne na na'urar nan," in ji shi. "A Zazzau wa ke tambayar baƙo ko zai ci? Ajiye masa kwano ake yi."

Ya zauna gaban uwar ya shigar mata da amsoshin duka, yadda kowa ya danna sau ɗaya za ta yi daidai ba tambaya. Ya san sarai abin da yake yi wa kansa.

Haka kuwa aka yi. Aiki ya miƙe, kira ya ɗauke ɗif. Ya wuni a ofishinsa yana goge abin da ba ƙura. Matarsa Batulu ta ce, "Malam, ko jiki ne?" Ya ce lafiya lau, amma tuwon ma rage shi yake yi. Kaɗaici ne, ba komai ba.

Sai ga Sailuba wata Laraba: "Baba, firinta ta ƙi."

Tun daga bakin ƙofa ya hango wayar firintar a ƙasa, zare ta aka yi da hannu, aka ma ajiye ta a hankali kada ta lalace. Ya dubi Sailuba, ita kuma ta dubi silin.

"Kai, wannan babban aiki ne, 'yata," in ji shi. Ya jawo kujera ya zauna. "Ya yaran?"