Mayafin da Aka Warware a Bakin Iyaka

Jiya jikata ta sayo zaren ulu a kasuwar Lolo. Da na murza shi sai ya bar min shuɗi a yatsu, nan take kakata ta faɗo min a rai.

Ita ce mai saƙa hulunan jarirai a ƙauyenmu da ke ƙasar Bagudo. Ba a yin suna sai da hularta a kan jinjiri. Zaren kirki mai araha kuwa sai a tsallake, ƙasar Dahomi, wato Benin ta yau, inda ƙanwarta ke aure. Mu ba mu san wata iyaka ba, gonar dawa ce kawai tsakaninmu.

Da aka samu mulkin kai a can, aka samu a nan, sai ga masu kaki sun gitta itace a hanya. Duk dunƙulen zaren da suka gani sai su ƙwace. Wanda ake kawowa kasuwa ga tsada ga zuba, wanki ɗaya ya zama tsumma. Kaka ta ce ba za ta ɗora wannan a kan ɗan mutane ba.

Sai ta samo dabara. Idan ta je wurin ƙanwarta, ta sayi zaren, ta saƙa shi sako-sako ya zama babban mayafi, ta yafo shi kamar kowace tsohuwa. A gida ta warware, ta turara a bakin tukunya don ya miƙe, ni kuma in buɗe hannuwa tana naɗewa. Har yau ina jin ƙanshin jiƙaƙƙen ulun nan.

Wata ranar kasuwa, cikin sanyi, ina biye da ita muka iso itacen. Mai tsaron ranar ɗan ƙauyenmu ne, sabon ɗauka, yana neman yabon manyansa. Ya san ba ta ƙulle bakin saƙar, domin ya sha gani a tsakar gidanmu. Ya kama silin da ke lilo, ya ja. Mayafin ya yi ta zarewa daga kafaɗunta yana naɗewa a hannu, abokansa na dariya, har ya bar ta da ɗaurin ƙirji a gaban maza.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, hular da anka sa maka ran suna, ta wagga hanya zarenta ya biyo."

Ya ce shi aikin gwamnati yake yi.

Daga ranar ba ta ƙara tsallakewa ba, ko da ƙanwarta ta rasu. Kwarashin da take saƙa da shi ya yi tsatsa a cikin kwalla. Ni dai ban yafe masa ba, ba na kuma ɓoyewa.

Yanzu motoci na wuce wurin dare da rana, shaƙe da kaya, ba mai jan silin kowa. Jikata ta tambaye ni ina ake samun zaren da ba ya zuba. Na san hanyar sarai, amma na ce mata ta saƙa da wanda ta samu.