Tumakin Yayana

Kafin annobar korona, duk Laraba nakan raka yayana asibiti a Daura, inda masu ciwon damuwa suke zama da wani dattijon malamin asibiti, su yi hira, su karɓi magani. Da aka hana taro, malamin ya koma kiransu a waya ɗaya bayan ɗaya.

Ina zaune nake jin yayana yana amsa masa: "Lafiya lau, Malam. Jiki da sauƙi." Alhali kwana uku bai taɓa tuwo ba, ko zaure bai leƙa ba. Haushi ya ishe ni, amma ban ga laifinsa ba. Haka muka tashi. Ko daga maƙabarta ka dawo aka gaishe ka, lafiya za ka ce.

Malamin ya gano da kansa. Wata Larabar bai tambayi jiki ba, sai ya ce, "Wa ya ba tumakinka dusa yau?"

Yayana ya ce, "Malam, na manta ina da tumaki."

Tun da aka rufe gari, ita ce gaskiya ta farko da na ji ta shiga wayar nan.