Ibadar da Rikodata Ta Kasa Ɗauka

Shekarun baya, wata Lahadi cikin damina, da misalin ƙarfe takwas da rabi na safe, muka tura babur muka haye mayo, wato rafi, ni da wani abokina malamin makaranta. Ƙauyensu za mu, can gaba da Betso. Ni a lokacin ina aika wa wani gidan rediyo rahoto daga Mubi.

Mutanen ƙauyen Kiristoci ne, 'yan wata ƙaramar ƙabila. Da suka dawo daga gudun hijira, bango huɗu suka tarar a inda cocinsu yake. Suka nemi izinin yin rufi. Amsar da ta zo daga wani ofishi ita ce, saboda tsaro, kada a buga ƙararrawa, kada a yi kiɗa, kada a ɗaga murya, sai an turo mai dubawa. An shekara ba a turo kowa ba. Abokina ya roƙe ni in zo in ɗauki ibadarsu, ko manya za su ji su tuna da takardar neman izinin.

Mun tarar da ƙauyen tsit. Mahaifin abokina kaɗai ne tsaye a gindin tsamiya, inda aka rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota, wato ƙararrawarsu. Tara daidai ya ɗaga sandar ƙarfe, ya kawo duka da ƙarfinsa, saura kamar faɗin yatsa ya tsayar da hannu. Ya yi haka sau bakwai. Ban ji komai ba. Amma sai ga mutane suna fitowa daga gidaje, har daga waɗanda ke bayan dutse, inda ba a hango tsamiyar. Na tambayi abokina yadda aka yi suka sani. Ya ce shi ma ya daina tambaya.

Suka zauna a kan duwatsu cikin bangon, sama a buɗe. Na kunna rikoda, na ɗaga makirfo kamar yadda aka koya mini. Wata dattijuwa ta miƙe ta buɗe baki, sai duk bakunan suka buɗe tare. Suna rangaji, suna kai tafin hannu kusa da juna ba sa haɗawa. Inda baiti ya ƙare nakan gane, don a nan suke jan numfashi lokaci guda. Ban da wannan, iska ce kawai cikin karan dawa. Da wani jariri ya yi kuka, gaba ɗaya suka waiwaya wajen hanyar mota. Haka na tsaya minti arba'in da hannu a sama, ni gwanin sauti, ban ko tuna akwai kyamara a wayata ba.

Da aka tashi, tsohon ya riƙe mini hannu.

“Ka ɗauka, ɗana?”

“Na ɗauka, Baba.”

“To ka kai musu. Su ji mun bi doka.”

Shugabana a wurin aiki ya saurari minti biyu, ya ce in an sa wannan a iska mutane za su ɗauka batirinsu ne ya mutu. Rahoton bai fita ba.

Bayan wata biyu abokina ya kawo mini takarda. Ashe mai dubawa ya je, ranar Lahadi kuwa. A bakin hanya ya tsaya, bai sauka daga mota ba, ya rubuta cewa babu alamar ana ibada a wurin, don haka babu dalilin rufi. Na ɗauki rikodata na sami mai dubawar a ofis. Ya karɓe ni da fara'a, har da ruwan sanyi. Na faɗa masa abin da na gani, na kunna masa. Ya saurara a tsanake, ya miƙo mini.

“Malam, ai abin da na rubuta ke nan. Kai ma ba ka ji komai ba.”

Har godiya na yi masa kafin in fita, abin da har yau yake ba ni kunya.

Ni Musulmi ne, na tashi da kiran salla sau biyar a kunnena, ban taɓa lissafa shi cikin abin da hukuma za ta iya bayarwa ko ta hana ba. Tun daga ranar, in aka ce mini wuri lafiya lau don ba a ji ƙorafi ba, nakan tambayi wanda ya ce su yi shiru.

An ba su izinin bayan shekara biyu, da aka canza mai kujerar. Tsohon ya rasu kafin a ɗora kwano. Abokina ya ce a Lahadin farko sai da dattijuwar ta ja baiti sau uku kafin wani ya amsa mata da murya.