Bandar Ranar Linta

Shekarar da kogi ya cika ya kwantar da gidanmu na ƙasa a Haɗejiya, mahaifina bai fi wata bakwai da rasuwa ba. Inna ta koma raɓe a ɗaki guda a gidan ƙanenta, ni kuwa na ci alwashin sai na mayar da ita gidan mijinta kafin wata damina ta faɗi. Albashin malamin makaranta ne, amma na ɗaure ciki na tara bulo da siminti.

Zancen wanda zai yi ginin ma bai taso ba. Akwai tsohon maginin unguwarmu, aminin mahaifina, wanda ya gina ɗakin da aka haife ni. Baba muke ce masa. Shi kaɗai ya san iya inda ruwa yake kaiwa a layinmu, har ya sa aka ɗaga harsashin ya kai gwiwa, ina ta ƙorafin siminti yana yi mini kunnen uwar shegu. Kullum da hantsi Inna kan aiko da ƙwaryar fura, a ajiye gabansa, ya kurɓa sannan ya miƙa wa yaransa. Ina gani, amma ban taɓa lura ba.

Ranar da aka zuba linta, wato kankaren saman ƙofofi da tagogi, Inna ta ce in nemo abin da za a gode wa bayin Allahn nan. Na aika garin Kirikasamma aka kawo mini kwando guda na bandar tarwaɗa, baƙa wuluk, ƙamshinta har bakin titi. Sai iyayina ya motsa. Na ce ai adalci shi ne kowa ya samu daidai da kowa. Na zauna na kasa kifin nan kashi tara a leda, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙawa. Na fara da mai kwaɓa siminti don shi ne kusa da ni, na ƙare da Baba don yana can saman katanga.

Ya sauko, ya goge hannu a riga, ya karɓa da hannu biyu.

"Madalla, Allah ya amfana," in ji shi.

Washegari bai zo ba, haka ma kwana na biyu. Yaransa kuwa sukan zo su zauna a gindin darbejiya, ba mai taɓa bulo, kafinta ya ce shi ba ya ɗora katako sai Baba ya ce a ɗora. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas, ga gida ba rufi. Wallahi hankalina ya tashi.

Da na ba Inna labarin yadda na yi rabon, sai ta saki muciya ta riƙe haɓa.

"Kai, boko bai yi maka rana ba! Wa ya ce maka mai gida ke raba wa ma'aikata kyauta? Gaban babbansu ake ajiyewa, shi ya san wanda ya fi wani. Ka yi wa yaransa rabo a kan idonsa, ka miƙa masa leda kamar wanda ya zo aiki jiya. Ko ubanka bai taɓa yi masa haka ba."

Ta sa na sake aikawa aka kawo wani kwandon. Sannan ta buɗe adaka ta ɗauko hular zannar mahaifina, wadda ko ni ba ta bari in taɓa, ta ɗora a kan kwandon.

Bayan la'asar na same shi a zaurensa. Na cire takalmi, na durƙusa, na tura kwandon gabansa. Ya ɗauki hular nan yana jujjuya ta.

"Ba don kifi ba ne, ɗan nan," ya ce daga bisani. "In mai gida ya nuna wa yara ni da su ɗaya ne, gobe in na ce katanga ta karkace, wa zai rushe?"

Da sassafe sai ga shi da hular a kansa, an biyo shi da kwandon. Ya zauna kan bulo ya yi rabonsa: ya ba kafinta manya uku, masu ɗora bulo bibbiyu, haka har ƙasa. Ba wanda ya yi gunaguni. Da ya rage wata 'yar ƙarama mai karyayyen bindi, sai ya ɗago ya dube ni.

"Zo karɓi naka. Kai ne ƙaramin yarona a wurin nan."

Aka tuntsire da dariya. Ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido, don tun da aka binne mahaifina ba wanda ya sake kirana yaronsa.

Bayan kwana goma sha biyu aka buga kwanon rufi, ruwan farko ya sami Inna a ɗakinta. Yau ita da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, gidan kuwa yana nan, ambaliya ba ta taɓa haura dokin ƙofarsa ba. Na ci kifi iri-iri a rayuwata, amma wancan na karɓa da hannu biyu, na cinye shi a tsaye har ƙaya.